Me Ya Sa Ake Ce Masa Taminus?

Ran nan cikin watan Yuli ruwa ya hana mu fita wasa. Wanda ya san Jos ya san irin ruwan nan, wanda yakan soma tun da safe ya ƙi ɗaukewa, ga sanyi yana ratsa ƙashi. Ina zaune da 'yan aji shida, su 42, sai na ce kowa ya kawo tambayar da ya ga dama a kan garinmu. Wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa ake ce wa wurin nan Taminus?"

Na mayar wa ajin tambayar. Wata ta ce sunan wani Bature ne. Wani ya ce ai sunan kasuwa ne. Sa'an nan na tambaya ko su nawa suka taɓa zuwa Gidan Tarihi. Hannu huɗu na gani. Na sāke tambaya ko su nawa suka taɓa shiga Gangare ko Dilimi. Ba ko ɗaya. Wata yarinya ta ce, "Malam, Mama ta ce can ba wurinmu ba ne." Dukansu kuwa a Jos aka haife su.

To, ga amsar da na ba su. Taminus kalmar Turanci ce, ma'anarta inda hanya ta ƙare. Cikin shekara ta 1914 aka kawo wani ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa kan dutsen nan. Faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne kaɗai. Jirgin Bauchi ake ce masa, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba, gama a lokacin ƙasar nan tana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yi Lardin Filato. Da babban layin dogo ya iso daga Kafanchan cikin 1927, ƙaramin ya ci gaba da aikinsa tsakanin Zariya da Jos, a nan kuwa hanyarsa ta ƙare. An daina aiki da shi a 1957. Jirgi ya tafi, suna ya zauna.

Me ya kawo jirgi kan dutse mai tsayin ƙafa wajen 4,000? Kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan suna haƙa ta, ana narka ta a Liruwai. Amma a farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shigo, domin da kuza ake shafe gwangwani don kada ya yi tsatsa. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina, Hausawa, da Barebari, da Ibo, da Yarabawa, da mutanen Binuwai, suka tarar da Birom, da Anaguta, da Afizere, waɗanda gonakinsu da yawa suka zama ramuka. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun yawancin kuzarta, sai gwamnati ta shiga ɗiban mutane daga larduna zuwa aikin tilas a nan, har zuwa 1944. Kakana yana cikinsu. Daga kudancin Zariya aka kawo shi, da 'yar riga guda a jikinsa. Yakan ce ba aikin ne ya fi kashe mutane ba, sanyi ne da yunwa. Da aka sallame su bai koma gida ba, ya yi aure a nan. Ta haka na zama ɗan Jos.

Kuzar nan ce kuma ta ba mu Gidan Tarihi. Masu haƙa sukan tono waɗansu kawunan mutane na yumɓu. Wani ma'aikaci wajen Jama'a ya ɗauki ɗaya ya kafa a gonarsa ta doya, ya yi mutum-mutumi da shi. Wajen 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg kan nan, shi kuwa ya ga ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Da bincike ya yi nisa aka gane kayan nan sun fi shekara 2,000. Ashe abin da aka kafa a gona don tsoratarwa ya girmi dukan garuruwanmu. Fagg ne ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952.

Da muka zo kan abinci, aji ya farka. Na ce su faɗi abincin Jos. Suka ɗauka gaba ɗaya, "Dankalin Turawa!" Na ce to, ku sani ko Turawan ma aro suka yi, gama asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne. Su dai suka kawo mana irin, sanyin ƙasarmu ya karɓe shi, har Bokkos da Mangu da Barkin Ladi suka zama gidansa. Haka kabeji, da karas, da latas, waɗanda manyan motoci suke ɗauka daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu. A 1985 farashin kuza ya faɗi a duniya, aikin kamfanoni ya durƙushe, aka bar mana ramuka cike da ruwa. Ramukan nan sun ci yara da dabbobi, amma da ruwansu ne masu lambu da yawa suke ban ruwa da rani. Abincin da ya riga kowa zama a nan shi ne acca, 'yar ƙanƙanuwar ƙwaya mai wuyar surfe, wadda iyayenmu mata suke yin gwate da ita, da yakuwa, da alayyafo, da gauta.

Sai yaron nan mai tambayar farko ya ce, "Malam, masa fa?" Na ce masa ma tamu ce, ita ce Kanawa suke kira waina. Na faɗa musu yadda ake jiƙa shinkafa, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, da asuba a toya a tanda. Ina cikin faɗa sai maganar ta tsaya mini a wuya, domin na tuna inda na koyi wannan.

Mahaifiyata tana da rumfar kayan miya a babbar kasuwar Jos, a Taminus ɗin nan. Yaran yanzu ba su ga kasuwar nan ba. Gini ne mai hawa, da rumfuna dubbai, mutum yakan ɓace a ciki. Kusa da ƙofar da muke shiga akwai wata mai toya masa, Bahaushiya, Musulma, muna ce mata Iya. Mahaifinta ma aikin kuza ya kawo shi. In na taso daga makaranta, kafin in kai wurin mahaifiyata, Iya takan kira ni ta ce, "Zo nan, ɗana, yunwa ta rubuta suna a goshinka." Ta sa mini masa uku a takarda, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Ran Kirsimati mahaifiyata takan aike ni gidanta a Gangare da shinkafa da kaza wadda ɗan Iya ya yanka mana tun jajibere, don kowa ya iya ci. Da Babbar Salla kuwa naman rago yakan zo gidanmu.

Ran Jumma'a, 7 ga Satumba 2001, faɗa ya tashi a Jos, aka yi kwanaki ana kisa da ƙone-ƙone. Ina da shekara 21. Cikin Fabrairu 2002 wuta ta cinye babbar kasuwa da dare. Mahaifiyata ta rasa jarinta duka, ba ta ƙara zama a kasuwa ba. Fiye da shekara 20 suka wuce ba a sāke gina kasuwar ba. Rikici ya sāke tashi a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, sa'an nan ran 20 ga Mayu 2014 bama-bamai biyu suka fashe a Taminus, mutum fiye da 100 suka mutu. Kowane tashin hankali yakan sa mutane su kwashe kaya su koma inda nasu suka fi yawa. Mu ma muka sayar da gidanmu muka ƙaura. Sannu a hankali gari ya rabu, unguwar Kirista daban, ta Musulmi daban.

Ban ga laifin uwar yarinyar nan da ta ce can ba wurinsu ba ne. Wanda ya binne nasa ba a koya masa tsoro. Ni ma na binne aboki a 2001. Amma da na koma gida ran nan, na dubi 'yata mai shekara 12, na tambaye ta ko ta san Gangare. Ta ce, "Baba, a ina yake?" Daga gidanmu zuwa can bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba. Ina tsaye gaban aji ina mamakin 'ya'yan mutane, ashe tawa 'yar ma haka take. Ni kaina kuma tun 2002 ban taka gidan Iya ba. Kullum ina cewa sai ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa sau da yawa, ban je ba.

Ran Asabar na ɗauki yarinyar muka fita. Muka bi ta Jankwano, na gaya mata jan kwanon rufin asibitin ne ya ba shi wannan suna, an kuwa buɗe shi a 1959. Muka shiga Gidan Tarihi, ta ga kawunan Nok, ta taɓa tsohon kan jirgin ƙasa da aka ajiye a fili. Muka tsaya a Taminus, na nuna mata wajen da ƙofarmu take a dā. Daga nan na kama hannunta muka nufi Gangare. Ba zan ɓoye muku ba, gabana yana faɗuwa.

Lungun bai sāke ba. A ƙofar gidan na tarar da wata mace tana wanke tanda. Na yi sallama, ta amsa, ta dube ni, ta sāke dubana. Sai ta ce, "Yaya, kai ne? Ɗan Mama mai kayan miya?" Autar Iya ce, wadda na sani tana 'yar yarinya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na tambayi Iya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai Iya ta rasu, bana shekara shida. Har ta kwanta ciwo tana tambayar Mama." Na ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ku haƙuri." Kunya ta rufe ni, gama ta'aziyyar da ta yi shekara shida a hanya ba ta da ƙafar tsayawa. Na gaya mata mahaifiyata ma ta rasu shekara uku da suka wuce. Su ma ba su ji ba. Muka zauna shiru.

Ta tashi ta hura wuta, ko da yake ta riga ta gama suyar safe, ta toya sauran ƙullun da ya rage. Ta sa wa 'yata masa uku, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli. Na sa hannu a aljihu, ta ce, "Haba Yaya, a gidan nan?" Kafin mu tashi, 'yata da 'yarta suna tsakar gida suna gardama a kan ko wace makaranta ta fi bulala.

Ran Litinin na faɗa wa 'yan aji inda na je. Na ba su aikin gida, kowa ya tambayi babba a gidansu abu uku: me ya kawo kakanninmu Jos, ko kuwa me suka gani sa'ad da baƙi suka soma zuwa, a wace unguwa muka fara zama, su wane ne maƙwabtanmu a can. Amsoshin da suka kawo sun fi abin da na koya musu. Yara 17 suka rubuta sunan unguwar da ba su taɓa gani ba. Yarinyar da ta ce can ba wurinsu ba ne ta gano a Dilimi aka haifi mahaifiyarta.

Ya ku iyaye, ban ce ku kai 'ya'yanku inda hankalinku bai kwanta ba, kowa ya san halin garinsu. Amma in mun yi shiru, abin da za su gāda daga wurinmu shi ne jerin unguwannin da ba a shiga. Ku gaya musu dalilin sunan unguwarku, da inda abincin da ke cikin kwanonsu ya fito, da sunan wanda ya taɓa ciyar da ku kyauta. In kuwa mutumin nan yana da rai, kada ku yi irin jinkirin da na yi. Allah ya ba garuruwanmu zaman lafiya.