Daga Labari Zuwa Aiki: Kundin Wani Malami a Kusugu

Asabar

Duk yaron da ya gama sakandare a unguwarmu ta Kusugu da ke Daura, ni yake tarewa a hanyar masallaci. Malam, yaushe za a buɗe JAMB? Malam, an fara sayar da fom a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya? Nauyi ne da nake ɗauka da farin ciki, domin na san abin da ake asara idan labari ya makara. Bara wani yaro mai ƙwazo, ɗan maƙwabcinmu, ya zauna shekara guda a gida saboda bai ji an buɗe rajista ba sai da aka rufe. Sanarwar kuwa tana nan a intanet, ba ɓoye ta aka yi ba. Mutum ya gan ta da safe, kafin azahar wasu labaran sun binne ta.

Yau na ƙudura in haɗa manhajoji biyu da ke wayata: Inoreader, inda nake karanta labarai, da Todoist, inda nake rubuta ayyukan da ke jirana. Ina so duk sanarwar da ta shafi karatun yaran nan ta fita daga ta farko ta shiga ta biyu da kanta.

Lahadi

Gari ya yi sauƙi, 'yan kasuwa sun tafi Mai'adua, sai na zauna a zaure ina shirya bututun da labarai za su bi.

Abin da ke sa wannan aiki ya yiwu shi ne RSS, tsohuwar hanya da shafi ke fitar da jerin sababbin labaransa yadda na'ura za ta iya karantawa: kanu, lokaci, da adireshi. Da yawa sun ɗauka ta mutu tun da Google ya rufe Google Reader a watan Yulin 2013, amma tana nan da ranta. BBC Hausa na da ita, jaridu da dama da aka gina a kan WordPress ma haka. Abin da nake so game da ita shi ne babu wanda ke zaɓar mini abin da zan gani. A Facebook, labarin da ya fi tayar da ƙura shi ake turo maka. A nan kuwa labarai na zuwa bi da bi, yadda aka wallafa su.

Tsakanin manhajojin biyu na sa IFTTT, wanda aikinsa ke nan: idan kaza ya faru a can, a yi kaza a nan. Wanda bai biya kuɗi ba haɗi biyu ake ba shi, kuma kuɗin da dala ake biya. Don haka na nemi dabara. Google Alerts na iya tattara kalmomi da yawa ya fitar da su a bututun RSS ɗaya. Sai na yi bututu biyu: na farko na zuba masa JAMB, NELFUND, NECO da tallafin karatu. Na biyu na sa sunayen makarantun garinmu: kwalejin tarayya, Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusuf Bala Usman.

Litinin

Da asuba na tarar da ayyuka sun shigo jerin Todoist ba tare da na taɓa komai ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Talata

Yau na ga iyakar na'ura. Kalmar Daura ita kaɗai ba ta tacewa, domin tun zamanin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, har zuwa jana'izarsa a nan a watan Yulin 2025, sunan garin bai bar bakin jaridu ba. Ziyarar 'yan siyasa, aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan, duk sai su kwararo cikin jerin da aka yi domin yara masu neman makaranta. Na ɗaure kowane suna da alamar zance domin a nemo shi cikakke, na sa alamar ragi gaban kalmomin da ba na so. Haruffanmu masu lanƙwasa ma sai da na yi musu tanadi: wata jarida ta rubuta ɗalibai, wata dalibai, kuma ba kowace na'ura ke ɗaukarsu abu ɗaya ba. Na sa duka biyun.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daban ne. Cikin abubuwan da suka shigo akwai shafin da ke alƙawarin tallafin karatu idan ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum. Na'ura ta ɗauko shi da ladabi ɗaya da ta ɗauko sanarwar gaskiya. Da na tura shi kai tsaye zuwa zauren WhatsApp na matasa, da sunana zai shiga gidajen mutane, uwa ta sayar da akuyarta saboda Malam ne ya turo. Daga yau duk abin da ya shigo yana tsayawa a wani sashe da na kira "A duba", ba ya wucewa sai na gan shi a shafin hukumar da kanta, mai adireshin gwamnati. Rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ba a biyan ko kwabo wajen neman sa. Wannan magana zan riƙa maimaita wa iyaye.

Laraba

Na wuce ta rijiyar Kusugu na tarar da ɗalibai daga wata makaranta ana ba su tarihi: yadda macijin da ake kira Sarki ya hana mutanen Sarauniya Daurama ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ruwa na nan cikin rijiyar, isa gare shi ne wahala. Haka sanarwar makaranta take ga yarinyar da ke cikin gida, ba waya, ba data.

Bayan la'asar gwaggona ta aiko a kira ni. "Ɗan nan, jikata ce ke son jarrabawar shiga jami'a. Me za mu fara?" Na ce, "Gwaggo, a kawo mini takardar NIN ɗinta da ta kammala makaranta in gani." Ranar haihuwar da ke jikin ɗaya ba ita ce a ɗayar ba. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma da ita ake karɓar lambar farko ta hanyar tura saƙo zuwa 55019. Gyaran irin wannan saɓani yana cin lokaci, wanda ya jira sai an buɗe rajista zai iya rasa shekarar.

A nan na gane yadda ya kamata a rubuta aikin. "An buɗe JAMB" labari ne, babu wanda zai iya aikata shi. Abin da na rubuta shi ne: a raka jikar Gwaggo ofishin rajistar NIN ranar Litinin, a tafi da takardar haihuwa. Akwai mutum, akwai rana, akwai abin da za a riƙe a hannu. Manhaja ba ta san jikar Gwaggo ba, ni na san ta, don haka wannan sashe na aikin ba zan taɓa miƙa shi ga na'ura ba.

Alhamis

Wuta ba ta zo ba, sabis ma ya yi rauni. Todoist na karɓar rubutu ko babu intanet, ya daidaita daga baya, don haka aiki bai tsaya ba. Na yi caji a shagon mai sola.

Da yamma Kawu na sauraron rediyo a ƙofar gida, aka yi sanarwar da ta shafi ɗaliban jiha, wadda babu ita a ko ɗaya daga bututuna biyu. Ya ɗaga murya: "Kai, ka ji ko?" Na ce, "Na ji, Kawu." Mafi yawan labarin da ke motsa Daura haka yake tafiya: rediyo, sanarwa bayan sallah, saƙon da ya taso daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Babu RSS a nan. Na buɗe wani sashe da na kira "Na ji da kunne", nake shigar da su da hannu, su ma su bi layin dubawa kamar sauran.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da wata malama da ke koyarwa a Islamiyyar matan unguwa, tare da maigidanta. Na ba ta damar shiga jerin daga wayarta, domin ita ce ke shiga gidajen da ni ba na shiga. Na nuna mata yadda za ta ɗauki aiki da sunanta, ta sa masa rana, ta kuma danna alama idan an gama.

Ta duba ta ce, "Malam, babu makarantun koyon jinya da ungozoma a nan, kuma su 'yan matanmu suka fi tambaya." Nan take na ƙara su cikin bututu na farko. Ta kuma nemi a ware sashe na waɗanda ba su da NIN tukuna, za ta tattaro sunayensu gida-gida kafin Litinin, mu haɗa su da jikar Gwaggo a tafi da su gaba ɗaya.