Kyanwar Yayana da Littafin Laburare

Ni mutumin Kasuwar Daji ne, a ƙasar Ƙauran Namoda. Mahaifina dillalin tumaki ne. In aka kawo masa rago, daga nesa zai ce maka wannan Balami ne, wancan mai rabin jiki baƙi rabi fari Uda ne, wancan kuwa ɗan ƙasa ne. In ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, sai ya faɗi shekarunsa. Bai taɓa karanta wannan a littafi ba, a wurin kakanmu ya koya. Saboda haka da can ina ganin littafin kiwon dabba aikin banza ne. Abin da ya sa na sake tunani shi ne nake so in ba ku labarinsa.

A hutun hunturu yayana, wanda ke kai hatsi Kano, ya komo da wata kyanwa a cikin kwali. Fara ce sol, gashinta har ƙasa, fuskarta a baje kamar an danna ta da tafin hannu. Ya ce kuɗin da ya saye ta ya isa a sayi tunkiya. Yara suka cika gidanmu don kallo. Kaka ta dube ta ta ce, "Wagga mussa ce ko auduga? Tana dai kamun kusu?" Yaya ya ce, "A'a Kaka, wannan ta ado ce." Muka sa mata suna Auduga.

Da na koma makaranta, ran nan ina neman wani littafin Labarin Ƙasa a laburare, sai na ci karo da wani tsohon littafi na Turanci mai hotunan kyanwoyi iri iri. Ga hoton Auduga nan sak! Ashe sunan irinta kyanwar Farisa, wato ƙasar da ake kira Iran yanzu. Na karanta cewa Turawan Ingila sun yi babban bikin nunin kyanwoyi a birnin Landan a 1871, daga nan suka dinga zaɓen masu dogon gashi suna haɗa su, har aka sami irin da muke gani yau. Akwai ma wata ta Amurka da ake kira Maine Coon, wadda muzurunta kan kai kilo 8. Da yake ba a ba da aron wannan littafi, sai na dinga zuwa bayan sallar la'asar ina kwafe muhimman wurare a bayan littafina na Kimiyya. Abokaina suka yi ta yi mini dariya, suna kirana likitan mage.

Da hutun bazara ya zo, na tarar da Auduga a kwance bayan ƙofa, baki a buɗe tana haki. Gashinta ya dunƙule kamar na tunkiyar da ta kwana a ƙarangiya, ƙuma ta cika shi, idanunta suna ta zubar da ruwa, ga zawo. Tuwo da miya ake ba ta, a zuba mata nono a kai. A daren nan Yaya ya ɓallo rabin ƙwayar farasitamol zai ɗura mata, ya ce gobe kuma zai wanke ta da maganin kaskar shanu. Gabana ya faɗi. Na ce, "Yaya, don Allah ka dakata, wannan zai kashe ta." Ya ce, "Kai yaro, maganin da jariri ke sha?" Na ɗauko littafina na karanta masa, ina fassarawa. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Yawancin magungunan kashe ƙwari na shanu da karnuka guba ne gare ta, ga shi kuma tana lasar jikinta. Albasar da ke cikin miya tana lalata mata jini. Kyanwa in ta girma, madarar shanu kan sa ta zawo. Abincinta nama ne, hatsi kaɗai ba ya riƙe ta. Baba yana zaune a kan buzu yana saurare. Sai ya ce wa Yaya, "Bari. Ni ban san wagga dabba ba, kai ma ba ka san ta ba. Wanda ya rubuta ya san ta."

Washegari muka sa ta a kwando muka kai ta wurin likitan dabbobi a Ƙaura. Ya aske dunƙulallen gashin, ya ba mu maganin ƙuma wanda ya dace da kyanwa, ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ya ƙara bayyana mana cewa gajeren hancinta ne ke hana ta numfashi sosai in zafi ya tsananta, kuma kyanwa ba ta gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Ga shi a watan Afrilu zafinmu kan wuce digiri 40. Muka mayar da makwancinta gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi. Kullum da safe ina taje ta da matsefi, in goge mata ido da tsumma mai tsabta, in dafa mata kifi ko kayan cikin kaza ba gishiri ba albasa. Kafin mako 3 ta fara bin zare tana wasa.

Amma kada mai karatu ya zaci littafin nan ya san kome. Yana maganar abincin gwangwani da ɗumama ɗaki saboda ƙanƙara, bai ce uffan a kan ƙurar hunturu ko zafin bazara ba. Dabarar randa ta Kaka ce. Kuma har yau Auduga ba ta kama ɓera ko ɗaya ba. Tsohuwar kyanwar Kaka, wadda ba wanda ya saye ta da ko kwabo, ita ke gadin rumbu. Yaya da kansa ya ce da ya san wahalar, da tunkiyar ya saya.

Abin da na koya shi ne, dabbar gida tana da dattawan da suka san halinta, baƙuwa kuwa ba ta da dattijo sai littafi. Malamin Addini ya koya mana cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. To, mu da ƙauna muka kusa kashe tamu, don rashin sani ya fi dare duhu. Shawarata ga duk mai sha'awar irin wannan kyanwa, ya nemi littafinta ya karanta tun kafin ya ciro kuɗi. Ina kuma roƙon masana na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanda suka saba wallafa wa manoma ƙasidu da Hausa, su rubuta mana irin wannan da harshenmu, su sa zafin ƙasarmu a ciki, don mutum kamar Yaya ya karanta da kansa ba sai ya jira hutun makaranta ba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.