Gitar gwangwanin da na karya

Bara waccan na karya wata gita da ɗana ya haɗa da gwangwanin madara. Na ce ɗan malamin lakwal ba zai zama maroƙi ba. Kwanan nan ya sa mini Afrique Victime, faifan ƙungiyar Mdou Moctar, a salularsa. Gaskiya ƙarar ta yi wa kunnena yawa. Amma da kamfanin Matador na Amurka ya fitar da shi a 2021, masu sharhin kiɗa a can sun sa shi cikin fitattun faya-fayan shekarar. Shi Mdou, ɗan jihar Tahoua, da wayoyin birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, gidansu ba sa so.

Yaron bai ce mini komai ba. Har yau ban saya masa gita ba, ban kuma ba shi haƙuri ba.