Mehdi Cerbah, Golan da Ya Tsaya Tsakanin Gidajenmu Biyu

Yaranmu da aka haifa a nan Tamanrasset sun haddace sunayen Mahrez da Bounedjah da M'Bolhi kamar yadda suka san hanyar kasuwar Assihar, amma in aka ambata musu Mehdi Cerbah sai su dubi juna. Ba laifinsu ba ne. Mutumin ya ajiye safar hannu tun ba a haife su ba, abin da ya rage na rayuwarsa kuma ya ƙare shi a wani aiki da ba a haskawa a talabijin. Mu da muka haura hamsin muna ganin bashi ne a kanmu mu gaya musu ko wane ne shi, domin a bakin ragarsa ne da yawanmu muka fara gane cewa gida biyu gare mu, kuma akwai ranar da gidajen nan biyu kan fuskanci juna a fili ɗaya.

An haife shi a birnin Aljiyas a 1953. Ya taso a ƙungiyar USM ta birnin, sannan ya koma JS Kabylie ta Tizi Ouzou, inda ya yi kusan dukkan shekarun 1970 yana tsaron gida, ya ɗauki kofin zakarun ƙasa da ita fiye da sau ɗaya, har da na 1977, shekarar da ta haɗa da Kofin Aljeriya. Daga nan ya koma ƙungiyar Kouba, ita ma ta zama zakara a 1981. Ba shi da tsawon da ake nema ga gola, yana cikin gajerun da suka taɓa riƙe wannan matsayi a babbar gasa. Abin da ya rasa a tsawo ya cike shi da zafin nama da saurin karanta ƙafar mai bugu. Yana ɗan shekara 22 aka ba shi ragar ƙasa a wasannin Bahar Rum na 1975, inda Aljeriya ta doke Faransa da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe, a filin 5 ga Yuli, shekara 13 kacal bayan samun 'yancin kai. Wanda ya san abin da ya gudana tsakanin ƙasashen nan biyu ba sai an gaya masa nauyin wannan dare ba.

To amma mu ba ta nan muka san shi ba. Ta Najeriya muka san shi.

Iyayenmu sun shigo garin nan ne daga Damagaram da Agadas da Tawa da Maraɗi, wasu daga Katsina da Kano, kowa da abin da ya kawo shi: fatauci, ɗinki, fawa, gini, almajiranci. A wancan zamani ƙungiyar Nijar ba ta kaiwa manyan gasanni, sai a 2012 ta fara halartar Kofin Afirka. Saboda haka duk Bahaushen da ke son ƙwallo a unguwanninmu, ko daga wace ƙasa ya fito, Najeriya yake bi, ko da yake yawancin 'yan wasanta mutanen kudu ne da ba mu ko iya faɗin sunayensu daidai. Mu kuwa yara muna zuwa makarantar gwamnati, muna rera taken Aljeriya kowace safiya, abokan wasanmu Buzaye ne da Larabawa. Zuciya ta riga ta soma rabuwa, ba mu dai san sunan abin ba.

A 1978 ƙasashen biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na Wasannin Afirka a Aljiyas, Aljeriya ta ci 1 da nema. Wannan ba mu riƙe shi sosai ba, mun yi ƙanƙanta. Wanda muka riƙe shi ne na 22 ga Maris 1980, wasan ƙarshe na Kofin Afirka a filin Surulere na Legas. Tun a minti na biyu Segun Odegbami ya jefa wa Cerbah ƙwallo, ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci, Muda Lawal ya cike ta uku. Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin ga Christian Chukwu. A zaurukanmu dattawa sun kewaye rediyo, suna murna, amma murna ce ta ƙasa-ƙasa, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabcin da aka ci ƙasarsa, kuma baƙo ya san iyakar muryarsa. Mu yara muna gefe, ba mu san ko dariya za mu yi ko kuka ba. Abin da muka sani shi ne gobe akwai makaranta, kuma za a tambaye mu wa muka bi.

Ba a daɗe ba aka rama. A watan Oktoba na 1981, a zagayen ƙarshe na neman gurbin Kofin Duniya, Aljeriya ta je Legas ɗin nan dai ta ci 2 da nema, Cerbah bai bari ko ɗaya ta shiga ba a filin da aka zura masa uku, sannan aka ƙarasa da 2 da 1 a Kusantina. A wannan karon mu ne muka fita titi tare da 'yan ajinmu, iyayenmu kuma suka yi shiru suna kallonmu. Ba su hana mu ba. Yanzu da muka kai shekarunsu muke gane cewa shirun nan ba na shan kaye ba ne kaɗai, sun ga 'ya'yansu sun zama 'yan wani gari a gaban idonsu.

Sai Sifaniya, 1982. Ranar 16 ga Yuni a birnin Gijón, Aljeriya, wadda ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba, ta tsaya gaban Jamus ta Yamma mai riƙe da kofin Turai. Madjer ya ci, Rummenigge ya farke, minti ɗaya bayan haka Belloumi ya sake ci. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke ta Turai a gasar. Kowa yana tuna Madjer da Belloumi, kuma sun cancanta. Amma bayan ƙwallon Belloumi akwai sauran fiye da minti 20, Jamusawa suka taso gaba ɗaya kamar guguwar rairayi, ɗan gajeren mutumin nan da masu tsaron bayansa su ne suka riƙe ƙofar har alƙalin wasa ya busa. A wannan rana ba a raba zaure ba. Dattijo da yaro, Bahaushe da Buzu da Balarabe, murya ɗaya aka ɗaga.

Abin da ya biyo baya an fi saninsa. Ostiriya ta ci Aljeriya 2 da nema, Aljeriya ta ci Chile 3 da 2, washegari kuma, 25 ga Yuni, Jamus da Ostiriya suka shiga fili sun riga sun san sakamakon da zai fitar da su su biyun. Jamus ta ci ɗaya a minti na 10, daga nan aka yi ta gara ƙwallo tsakanin ƙafafu har lokaci ya cika. Saboda wannan abin kunya ne aka mayar da wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci guda.

Akwai wani lissafi a nan da ba a cika yi ba, kuma shi ne yake nuna mana irin kayan da gola ke ɗauka. A wasan Chile, Aljeriya ta tafi hutu tana da 3 da nema. Ƙwallaye biyun da suka shiga bayan an dawo, ɗaya da bugun fanareti, su ne suka shafe rarar ƙwallayenta. Da an tashi 3 da nema, da ita da Ostiriya sun yi daidai a maki da rara, Aljeriya kuma ta fi yawan ƙwallayen da ta ci, da ita ce ta wuce ko da Jamus ta ci 1 da nema. Ba muna ɗora wa Cerbah laifi ba ne, ƙwallo ba ta isa ga gola sai ta ratsa mutum goma. Amma haka sana'ar take. Ɗan gaba ya zubar da dama biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola ya tare goma, ɗaya ta kuɓuce masa, ita za a rubuta. Ba a ƙirga ɓarayin da suka ga mai gadi a farke suka juya.

Bayan gasar ya tafi Kanada ya yi wa ƙungiyar Montreal Manic wasa a 1983, ya dawo gida ya ƙarasa a Kouba. Daga nan ya shiga rabi na biyu na rayuwarsa, horar da masu tsaron gida. A ganinmu wannan rabin ya fi na farko buƙatar a yi magana a kansa, ko da yake shi ne wanda ba shi da hoto. Kocin gola ba ya tsayawa gaban 'yan jarida. Yakan ja mutum biyu ko uku zuwa wani gefen fili, ya yi ta maimaita musu abu guda: inda za ka tsaya don ka rage wa mai bugu faɗin raga, yadda za ka faɗi a kan gefe ba a kan gwiwar hannu ba, lokacin da za ka fito da lokacin da za ka daure ka tsaya, yadda za ka yi wa na gabanka tsawa ba tare da ka karya masa zuciya ba. Wanda ya yi zaman makarantar allo ya san irin wannan koyarwa, ta baki da baki, a biya maka ka maimaita, a wanke a sake. Akwai kuma darasin da babu mai iya bayar da shi sai wanda ya ɗanɗana, wato yadda mutum zai shiga raga ya ɗauko ƙwallo sau uku gaban dubban mutane, sannan ya koma filin nan bayan wata 19 ya fita da raga a rufe.

Ba a Aljeriya kaɗai ake bin wannan hanya ba. Antonis Nikopolidis, golan nan mai furfura da Girka ta ɗauki kofin Turai da shi a 2004, wanda Faransa da Cek da Fotugal duk suka kasa zura masa ƙwallo a wasanni ukun ƙarshe, shi ma da ya ajiye wasa horar da matasan ƙasarsa ya koma. Raïs M'Bolhi da yaranmu ke alfahari da shi kuwa, a ƙananan ƙungiyoyin Girkan nan ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, babu wanda ya san da shi, kafin ya zo ya hana Jamus sakat na minti 90 a Brazil a 2014, ya kuma zama gwarzon gola a Kofin Afirka na 2019. Shi ma ɗan gida biyu ne: a Paris aka haife shi, mahaifinsa ɗan Kwango, mahaifiyarsa 'yar Aljeriya.

Duk mai bi ta filayen unguwa da la'asar, a Tahaggart ko Gataa El Oued, ya lura da wanda ake sa wa a gida, tsakanin duwatsu biyu. Ba a zaɓar gola, tura shi ake yi. Ko ƙaramin cikinsu, ko wanda ya makara, ko kuma, sau da yawa, yaron da bai daɗe da isowa daga kudu ba, wanda Larabcinsa bai nuna ba balle ya yi gardama. A kan tsakuwa yake faɗuwa, ba safar hannu, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake faɗuwa. Wasu daga cikinsu suna da idon da Cerbah yake da shi, mun gani. Amma masu koyar da wannan sana'a suna arewa, kusan kilomita 2,000 daga nan, kuma yaron da takardunsa ba su cika ba ko rajistar ƙungiyar gari ba ya samu, balle a kai ga gwaji. Daga cikin manyanmu da suka taɓa tsaron gida a ƙuruciya, ba mu ga wanda yake ba da ko yammacin Juma'a ɗaya ga waɗannan yara ba, alhali ba kuɗi abin yake ci ba.

A watan Oktoba na 2021 gidajenmu biyu suka sake haɗuwa, wannan karon da Nijar kanta, a neman gurbin Kofin Duniya. Aljeriya ta ci 6 da 1 a Blida ranar 8 ga wata, ta ƙara 4 da nema a Yamai ranar 12. Yaranmu suka yi ta ihu a gaban talabijin, mu kuma muna zaune a inda iyayenmu suka zauna, idonmu a kan golan Mena yana shiga raga yana fitowa. Ranar 29 ga wannan watan Mehdi Cerbah ya rasu yana da shekara 68. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.