Reshe da Tambari: Abin da Na Gani a Agege

Saron goro ne ya kai ni Legas. Na sauka a Zangon Agege, gidan yayata, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafawa albarkacin goro da hanyar jirgin ƙasa. Da asuba kiran salla, da hantsi ƙanshin burodin Agege, Hausa kuwa har kan titi kamar kana Fagge.

Ɗan yayata manhaja yake rubuta wa wani kamfani a Yaba, unguwar da mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarta a 2016. Wata rana ya hau jirgin ƙasa na Red Line zuwa ofis, wata rana ya yi aikin a gida. Wani dare na same shi a tabarma da kwamfuta a cinya, allon cike da layuka masu launi, suna rabuwa suna haɗuwa kamar layin dogo a tasha.

"Kawu, matso ka gani," in ji shi. "Wannan Git ne. Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005 don aikin manhajar Linux."

Ya buga umarni, sunayen rassa suka jeru. Babban reshe shi ne aikin da aka amince da shi. Duk mai gyara sai ya cire nasa reshen, ya yi gwaji son ransa. In ya yi kyau, abokan aiki su duba a haɗe. In ya ɓaci, a sare shi, uwar bishiya na nan lafiya.

Sai ya buga wani umarnin, lambobi suka fito: 1.0, 1.1, 2.0.

"Waɗannan fa?"

"Tambari ne, Kawu. Reshe tafiya yake yi, tambari kuwa inda aka buga shi nan yake zama."

Nan take na gane. Haka muke sa lamba a huhun goro kafin a loda mota, ko bayan wata guda an san na wa ne, an san lodin yaushe ne.

Abin da ya fi burge ni, kowane gyara yana ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya yi. Babu musu, babu "ba ni ba ne". Mu a kasuwa, sau nawa zumunci ya lalace kan cinikin da ba a rubuta ba?

'Yan kasuwar Arewa, mu koyi wannan tsari wurin yaran nan: kowa da reshensa, kowane kaya da tambarinsa, kowace magana a rubuce.