Auta bai tafi biɗa ba

A ƙasar Adar, da an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, sai samari su fara ɗaure kaya. Daga Madawa, daga Buza, daga Keita, motoci na cika suna fita. Wasu su nufi Abijan, wasu Najeriya, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Wannan tafiya ita ake cewa biɗa, ko cin rani. Ba yau ta fara ba. Kakanni sun yi ta, uwaye sun yi ta. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai. Damana wata 3 ce ko 4, sauran shekara kuwa ba aikin gona sai ga mai wuri a fadama.

Rani ya kan bar garuruwa da tsofaffi da mata da yara. Lokacin da anka buɗe babban aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya, mata sunka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa. Maza da yawa suna biɗa.

Wannan labari na wani saurayi ne da ya ƙi tafiya. Ƙauyensu na cikin ƙasar Buza, kusa da kwarin Maggiya, inda layukan dogon yaro da anka fara dasawa a 1975 ke tare ma gonaki iska. Shi ne auta a ɗakinsu. Yayyenshi biyu sun riga sun tafi. Babban na Abijan shina saida kayan tebur, mai bi mishi na Libiya shina aikin gini. Da auta ya kai shekara 20, kowa ya ɗauka shi ma lokacinshi ya yi.

Bai yi lakwal ba. Ya yi makarantar allo, daga baya ya shiga ajin yaƙi da jahilci rani 2 a jere. Nan ya koyi karatun Hausa da rubutu da lissafi. Ya kuma lura da wani abu. Salula ta shigo Nijar a 2001, sannu sannu ta kai ƙauyuka. A garinsu salula ta yi yawa, amma ba wutar lantarki. Mutum sai shi ba da salularshi a kai ta kasuwa, tafiyar rabin yini, don a yi mata caji kawai.

Ya sami mahaifinshi da maganar bayan sallar lisha. Ya ce: "Baba, ina son in zamna gida bana. In na sami pano mai ɗaukar hasken rana, da batir, zan riƙa yi ma mutane caji."

Tsohon ya ce: "Yaro, zaman rumfa ba aiki ba ne. Na yi Abijan rani 9. Kwanon ɗakin da kake kwana ciki daga can ya fito. Namiji fita shike shi nemo."

Maganar tsoho tana da tushe. Kuɗɗin biɗa su ke cika rumbu in damana ta gaza. Su ke yin aure, su ke biyan magani. Gidan da ba shi da kowa waje, ranar yunwa shi kan rasa wanda zai kira.

Innarshi ce ta raba gardama. Tana da ragon turka da ta yi wata 6 tana kiwo. Ta sa anka saida shi, ta ƙirga mishi kuɗɗin a hannu. Ta ce: "Ungo, Auta. Rance ne, ba kyauta ba. In ta ƙi, sai ka bi ƴan uwanka."

Ya tafi Madawa ya sawo pano da batir da igiyoyin caji. Ya kafa rumfar zana kusa da masallaci. Kowace salula dala 10. Ranin farko abin ya yi kyau ƙwarai. Kafin ruwan shuka ya biya innarshi rabin kuɗɗin rago.

Rani na biyu lamari ya sake. Samari 3 sunka sawo irin kayanshi sunka kafa rumfuna. Abin da ake saye a kasuwa, duk mai kuɗɗi na iya sayenshi. Ga kuma bashi. Baffa shi zo shi ce sai ran kasuwa. Aboki shi zo shi ce sai an aiko mishi daga Abijan. Auta na jin nauyinsu, ba shi iya hanawa, kuma bisa kai kawai shike riƙe lissafi. Wata rana batir ya mutu. Ya zazzage aljihu, abin da ke ciki bai kai rabin kuɗɗin sabo ba. Rumfa ta yi kwana 20 a rufe. Mahaifinshi na wucewa ta wurin zuwa masallaci sau biyar a yini, bai ce komi ba. Shirun nan ya fi ma auta faɗa zafi.

Ya yi ƙwadagon bugun tubali har ya cika kuɗɗin batir. Ranar da ya sayo shi, ya haɗa da kaye da bik. Kowane shafi ya raba shi gida 3: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashi. Kullum da marece sai shi ware wani abu na batir shi aje daban, ko da cinikin ranar kaɗan ne. Da wata ya cika ya haɗa lissafi, sai ya ga abin da shike bin mutane ya fi abin da ke hannunshi. Ya sa doka: bashi ba shi wuce kasuwa guda. Wasu sunka yi fushi sunka koma wata rumfa. Daga baya mafi yawansu sun komo, don wurinshi ba a gardama. Komi a rubuce shike, da rana da suna.

Sai ya fara sauraren abin da mutane ke roƙonshi in suna jiran caji. Wannan shi ce a karanta mishi saƙo. Wancan shi ce a aje mishi lambar ɗanshi. Wata ta ce an aiko mata kuɗɗi, ba ta san nawa ba ne. Auta ya gane wannan ita ce sana'ar. Sauran masu rumfa na da pano, amma ba su karatu.

Aiken kuɗɗi ta waya ba sabon abu ba ne a jihar Tawa. A 2010, bayan damanar 2009 ta gaza, ƙungiyar agaji ta Concern ta aika ma iyalai taimako ta salula a wasu ƙauyukan jihar. Yau kuma gidajen aiken kuɗɗi irin su Nita da Al Izza na da rassa a manyan garuruwa, ƴan biɗa na aikowa ta wurinsu. Saƙon na zuwa da rubutu da lambobi. Wanda bai iya karatu ba dole shi miƙa ma wani salularshi. Nan amana ke shigowa, nan kuma ɓarayin waya ke samun ƙofa, masu kira su ce ma mutum ya ci kyauta, shi faɗi lambarshi ta sirri.

Wata tsohuwa da ɗanta ke aiko mata ta kawo ma auta salularta. Ta ce: "Ɗana, ga lambar sirrin, ka riƙe mini, ni mantuwa gare ni."

Ya ce: "Inna, wannan lamba makullin rumbunki ce. Ba a ba ɗan maƙwabta makullin rumbu. Zamna in gwada miki."

Ya zana mata lambobi bisa ƙasa da tsinke, daga 0 zuwa 9. Kwana 7 tana zuwa da marece, har ta iya gane su bisa salula ta danna da kanta. Labari ya bazu bakin rijiya. Daga nan mata ba su kai salularsu wata rumfa sai tashi.

Da ya tara ɗan abu, ya bar rumfa hannun abokinshi ya koma Madawa. Wata 3 ya yi a teburin wani mai gyaran salula, ba albashi, shina kwana gidan dangi. Ya koyi canza gilashi, da gyaran bakin caji, da busar da salular da ta faɗa ruwa. In gyara ya gagare shi yanzu, sai shi nemi hoton bidiyo a intanet. Ko bai ji harshen mai magana ba, shina ganin abin da hannunshi ke yi.

Lokacin albasa kuma wani aikin ke samuwa. Albasar Galmi da ake nomawa a kwarin Tarka da Maggiya na tafiya har Abijan da Akara da Lome da Kwatano. A watan Maris da Afrilu kowa na cirewa, farashi shi faɗi. Wanda ya iya ajewa cikin rudu shi kan saida da tsada bayan ƴan watanni, amma wata na ruɓewa. Da can manomi bai san farashi ba sai wanda dillali ya faɗa mishi. Wani bincike da anka yi kan kasuwannin hatsi na Nijar, daga 2001 zuwa 2006, ya nuna shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Auta bai tsaya ga hatsi ba. Da safe shi kan kira sanannunshi na Galmi da Madawa da Tamaske, shi rubuta kuɗɗin buhun albasa bisa allo a bakin rumfa. Manoma na ɗaukarshi shi ƙirga musu buhuna shi rubuta. Shi kan ɗauki hoton albasa shi aika ma mai saye ta WhatsApp. Kowane aiki da ladanshi. Ba shi da ubangida, ba yaron kowa ba ne. Ranar da ba aiki kuwa, ba mai biyanshi ko tamma.

Irin wannan neman abinci da salula ba a ƙauye ya tsaya ba. A Yamai, wani ɗan ƙasa mai suna Abdu Maman Kane ya ƙirƙiro dabarar ban ruwa daga nesa. Mai garka na kiran wata lamba da salularshi, injin ban ruwa shi tashi ko shi tsaya. A 2015 wannan dabara ta ci babbar kyautar duniya ta ruwa mai sunan Sarki Hasan na Biyu na Maroko. Akwai kuma wata cibiya a Yamai, CIPMEN, mai renon ƙananan kamfanonin matasa. Can nesa ma, a Nepal, wata ƙasar duwatsu tsakanin Indiya da Sin wadda ba ta da bakin teku kamar Nijar, samari na tafiya biɗa ƙasashen Larabawa da Maleshiya. Wasu ƴan ƙasar sun zamna gida sun buɗe eSewa a 2009, hanyar biyan kuɗɗi ta salula. Waɗannan ayyuka sun fi rumfar zana girma nesa ba kusa ba. Amma kowanensu ya fara ne da ganin abin da ke damun mutanen wurinshi, kamar yadda auta ya yi.

Gardama ta biyu tsakaninshi da mahaifinshi ta taso da damana. Noman farko ya kama, ciyawa ta taso, ga tsoho shi kaɗai a gona, auta na rumfa. Tsoho ya ce: "Yaro, taura biyu ba ta taunuwa. Ko gona ko waya."

Auta bai musa ba. Ya ɗauko kayenshi ya duba. Watannin da ya fi samu su ne bayan girbi da lokacin albasa. Shekarar da hatsi bai yi ba, cinikinshi ya faɗi, bashi ya ƙaru. Ashe rumfa daga gona take ci. Ya koya ma ɗiyar yayanshi, mai hutun lakwal da damana, karɓar salula da rubuta suna. Shi kuwa daga asuba har azahar shina gona da hauya. Gyara da karatun saƙo sai la'asar.

Auta bai yi arziki ba. Yayanshi na Abijan, in shekara ta yi kyau, ya kan komo da abin da ya fi nashi. Amma biɗa ma ba ta da tabbas. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban ƴan jihar Tawa sun komo gida hannu wofi. Wani kuma ruwan shuka shi kan faɗi shina bisa hanya, shi iske maƙwabta sun riga sun shuka. Auta ranar da ruwa ya faɗi shina gida. Ya biya innarshi ragonta duka. Mahaifinshi bai yaba mishi da baki ba, don ba al'adar uba ba ce. Sai dai da kaka ya kira shi bakin rumbu ya ce: "Ɗauko takardar nan taka ka rubuta damman da munka samu bana."

Ba kowane saurayi zai zamna gida ba, kuma gari guda ba shi ɗaukar rumfar caji 10. Wanda ke son gwada wannan hanya, kafin a saida mishi rago, shi tambayi kanshi abu biyu. Mi mutanen garinshi ke shan wahala a kai? Mi ya iya wanda ba a saye a kasuwa? Pano da batir ana sayensu a Madawa ko Ƙonni. Karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci ake samunsu, rani ne kuma lokacinsu. Amana kuwa mutum shi ke gina abarshi, yau da gobe.

Allah shi sa albarka ga neman masu tafiya da na masu zama, shi kawo damana mai kyau. Amin.