Ƙarar da na so in kashe

Tun daren 7 ga Oktoba 2017 da gidan gas ya fashe a Atomic Junction, mutum bakwai suka rasu, sama da ɗari suka jikkata, uwargidana ba ta ƙara sakin jiki da silinda ba. Amma ina mafita? Koko da ƙosai take sayarwa a nan Sabon Zongo, gawayi ya yi tsada, kuma idan ka bar silinda a tsakar gidan haya ka kwana, da safe sai labari. Don haka a ɗaki ɗaya muke kwana da ita, a bayan ƙofa.

Ɗanmu na biyu, wanda ba ya barin rediyo ya mutu bai farke cikinsa ba, shi ya shiga Zongo Lane ya dawo da 'yan tarkace a leda: wani allo ƙarami da ake kira Arduino, da 'yar ƙararrawa, da wani abu mai kamar murfin kwalba da raga a kansa, wai shi MQ-6. Ya ce a cikinsa akwai 'yar waya da ke ɗumama wani sinadari. Gas na taɓa shi sai wutar da ke ratsawa ta ƙaru, allon ya gane, ƙararrawa ta ɗau kuka. Sai da ya bar shi a jone kwana biyu kafin ya daidaita.

Na ce ya rataye shi can sama kusa da fitila. Ya ce, "A'a Baba, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa." Gabana ya faɗi, domin ƙannensa biyu a tabarma suke kwana.

Gaskiya abin ya dame ni da farko. A fesa maganin sauro, ya yi ihu. Hajiya ta fesa turare, ya yi ihu. Sau biyu ina zare wayarsa ina cewa wannan ba na'ura ba ce, maroƙi ne. Yaron bai yi musu ba, sai ya rage masa saurin ji, ya kuma haɗa shi da batirin cajin waya saboda ɗauke wuta.

Wata Laraba cikin hunturu, tagogi duk a rufe, ni da Hajiya muna fama da mura, ƙarar ta tashe mu kafin kiran sallar farko. Na miƙa hannu zan kunna fitila in kashe fitinar, yaron ya riƙe ni. "Kada ka taɓa, Baba!" Ɗan tartsatsin cikin makunni ya isa. Muka buɗe ƙofa da taga a cikin duhu, aka fitar da yara, na cire kan silindar na kai ta waje. Ni dai har lokacin ban ji warin komai ba. Maƙwabciyarmu da ta leƙo ita ce ta toshe hanci.

Da gari ya waye muka shafa ruwan sabulu a jikin tiyo, sai ga kumfa na tashi daidai inda ya shiga kan silinda. Ya tsage, shekara huɗu ba a canja shi ba, kuma an manta ba a rufe kan ba da dare.

Yaron da kansa ya ce kada mu dogara da abin da ya haɗa da hannu, ba a gwada shi kamar na kamfani ba. Mun sayi sabon tiyo, na kuma biya maƙeri ya yi wa silinda kejin ƙarfe da kwaɗo a baranda. Na'urar tana nan a ƙasa bayan ƙofa, kuma mata uku a gidan sun riga sun ba shi kuɗin tasu.